Ido da albashi: abin da ya riƙe 'yan kurket na Pakistan, namu suka rasa

A Bradford, inda nake zaune, in kana son maƙwabcinka ɗan asalin Pakistan ya manta da shayin da ke gabansa, ambaci sunan Wasim Akram. Ni ban tashi da kurket ba, ƙwallon ƙafa na sani kamar kowane yaron Arewa. Zama da mutanen nan ne ya koya mini wasan: ɗaya ya jefo ƙwallo yana neman kayar da sanduna uku, ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako yana kare su yana tara maki, a wani lokacin a kwana biyar ana abu ɗaya. Amma ba dokokin wasan ne suka riƙe ni ba. Tarihin mutanen ne, domin duk wanda na bi labarinsa sai na ga fuskar wani yaro da na sani a gida, wanda ya fi kowa iya taka leda a unguwa, yau kuma yana jan A-daidaita-sahu.

Ga yadda Wasim ya fara. A 1984, yana ɗan shekara 18, ya je gwajin matasa a Lahore. Javed Miandad, wanda a lokacin shi ne gwanin masu dukan ƙwallo da katako na ƙasar, ya ga yadda yaron ke jifa da hannun hagu, ya tsaya kai da fata sai an tafi da shi New Zealand. Wasim da bakinsa yake ba da labarin cewa ya tambayi Miandad nawa zai nemo na guzuri, don bai san ƙasa ce ke biyan ɗan wasa ba. A wasansa na biyu na kwana biyar ya fitar da mutum 10, wato jifansa ya kori masu duka 10 daga fili. Kafin ya yi ritaya ya fitar da 414 a irin wannan wasa, da 502 a wasannin yini ɗaya, kuma shekarunsa na ƙarshe da ciwon sukari ya yi su, yana yi wa kansa allura yana shiga fili.

Waqar Younis kuwa a talabijin Imran Khan, kyaftin ɗin ƙasar a lokacin, ya hango shi yana jifa a wata gasa ta cikin gida, ya nemo shi. Inzamam-ul-Haq, ɗan Multan, mutane da yawa ba su ga dalilin tafiya da shi gasar cin kofin duniya ta 1992 ba, Imran ya dage. A wasan kusa da na ƙarshe a Auckland, Pakistan ta kusa fita, yaron ya ci maki 60 daga jifa 37 ya juya wasan. Ranar 25 ga Maris, cikin watan azumi, suka doke Ingila a Melbourne suka ɗauki kofin, Wasim ya fitar da Allan Lamb da Chris Lewis a jifa biyu a jere. Dattawan Bradford har yau suna iya gaya maka inda suke zaune a wannan rana.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da wata makarantar horo mai tsada ta ƙera. Lungu ne ya fara horar da yawancinsu. A Karachi da Lahore da Rawalpindi yara kan ɗauki ƙwallon tanis su naɗe ta da tef ɗin masu gyaran wuta, ta yi santsi ta yi gudu, su yi ta wasa a kan titi, musamman da daddare cikin azumi har zuwa sahur. Da yake ƙwallon ba ta da nauyi, sai yaro ya ware dantse sosai kafin ta yi sauri, kuma masu sanin wasan suna ganin wannan na cikin dalilan da ƙasar ke yawan fitar da masu jifa da ƙarfi. Shoaib Akhtar na Rawalpindi ya yi jifa mai gudun kilomita 161.3 a sa'a a 2003, har yau ba a rubuta wanda ya wuce shi ba. Haris Rauf ya wuce shekara 20 yana wasan tef yana aikin shago kafin a gano shi a gwajin ƙungiyar Lahore Qalandars a 2017.

Har nan, ba su fi mu da komai ba. Lungu muna da shi, yara muna da su. Kaduna kaɗai ta ba tawagar da ta ci zinare a Atlanta a 1996 Daniel Amokachi da Tijani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. Ahmed Musa daga Jos ya taso, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya yana sanye da rigar Kano Pillars kafin ya wuce Turai. Inda suka bar mu shi ne abin da ke biyo bayan gano yaro.

Pakistan ta daɗe da wani tsari da ban ga ana maganarsa a waje ba. Tun wajen shekarun 1970, a ƙarƙashin Abdul Hafeez Kardar, kyaftin ɗinsu na farko wanda daga baya ya shugabanci hukumar kurket, aka ƙarfafa wa bankuna da manyan ma'aikatu gwiwa su kafa ƙungiyoyi, su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata. Ba kwantiragin kaka ɗaya ba, aiki na gaske mai albashi duk wata, da asibiti, wasu har da kujerar da za su koma in ƙafa ta gaji. Miandad ɗan Habib Bank ne. Wasim ya buga wa kamfanin jiragen sama na ƙasar, PIA. Waqar ya fara fice a United Bank. Hukumar lantarki da ta jirgin ƙasa da kamfanin iskar gas duk suna da nasu. Yaron da ubansa ke cewa wasa ba sana'a ba ce sai ya dawo gida da takardar ɗaukar aiki daga banki, magana ta ƙare.

Wanda ya fi nuna mini amfanin wannan shi ne Misbah-ul-Haq na Mianwali. Ya fara buga wa ƙasa a 2001, bai yi abin kirki ba, aka ajiye shi shekaru. Bai bar wasa ba, saboda yana da ƙungiyar kamfanin gas da ke biyansa. Ya dawo a 2007 yana da shekara 33. A 2010, lokacin da kurket ɗin Pakistan ke cikin mafi munin hali, aka ba shi kyaftin yana da 36. Ku tuna tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa motar 'yan wasan Sri Lanka a Lahore ranar 3 ga Maris 2009, ƙasashe suka daina zuwa Pakistan, wasannin gida suka koma Dubai da Abu Dhabi da Sharjah, a filayen da galibi babu kowa. Mutanen Maiduguri sun san zafin wannan, don El-Kanemi Warriors ma ta yi shekaru tana karɓar baƙi a garuruwan wasu. A cikin wannan gudun hijira Misbah ya kai Pakistan matsayi na ɗaya a duniya a wasan kwana biyar a 2016, shekarar da ya ci maki sama da 100 a filin Lord's na Landan yana da shekara 42. Ina tambayar kaina, ɗan wasan Najeriya nawa ne za a ajiye yana da shekara 27, ya zauna a gasar cikin gida yana jiran lokacinsa, iyalinsa ba su ji yunwa ba? Rabi'u Ali na Kano Pillars ya haura 40 yana wasa, amma shi ya sa ake nuna shi da yatsa, don irinsa ba su da yawa.

Kuma abin baƙin cikin, mu ma mun taɓa samun irin wannan. NEPA tana da ƙungiya, First Bank da ACB da Julius Berger suna da su. Kamfanin siminti na Benue ya riƙe BCC Lions ta Gboko har ta ci kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofin ƙasarsu a 1990. A Kaduna masaƙar UNTL tana da ƙungiya, Ranchers Bees da ta fitar da Amokachi daga DIC Bees ta masana'antar kayan soja ta samo asali. Da masaƙu suka rufe, kamfanoni suka janye, sai ƙwallo ta faɗa hannun gwamnatocin jihohi. Yau kusan duk babbar ƙungiya a Arewa ta gwamnati ce, rayuwarta na rataye da ra'ayin gwamna mai ci, kuma labarin 'yan wasa na bin bashin albashi ba sabo ba ne a kunnen kowa. Shi ya sa burin kowane yaro shi ne fita, ko ina ne, ko ta hannun wa. Nan 'yan damfara masu kiran kansu dillalan 'yan wasa ke samun kasuwa, a sayar da gona a biya su, yaro ya ƙare a wata ƙasa babu ƙungiya babu kuɗin dawowa.

Kada a ɗauka ina cewa komai na Pakistan zinare ne. Tsarin da babba ke ɗauko ƙarami ya ɗora shi yana da mugun gefe, don yaron da aka ɗauko daga ƙauye ba ya iya cewa a'a ga na gaba da shi. Mohammad Amir ɗan wani ƙauye ne kusa da Gujar Khan, Wasim ne ya yaba da shi a sansanin horo yana ɗan shekara 15. A watan Agusta na 2010, yana da 18, ya fitar da Turawan Ingila 6 a Lord's, duniya na cewa ga magajin Wasim. A wasan nan ne jaridar News of the World ta fallasa cewa shi da Mohammad Asif sun yi jifan kuskure da gangan a lokacin da aka tsara, bayan wani dillali ya karɓi fam 150,000 daga ɗan jarida da ya ɓad da kama, da sanin kyaftin ɗinsu Salman Butt. Aka dakatar da Amir shekara biyar, kotun Landan ta yanke masa wata shida. Laifi ya yi, ban wanke shi ba. Amma wanda ya kamata ya tsare shi shi ne ya kai shi. Kuma ba a kansa aka fara ba, tun a 2000 binciken alƙali Malik Qayyum ya haramta wa Saleem Malik wasa, ya ci tarar wasu manya, har da Wasim ɗin da nake yabo. Amir ya dawo a 2016, a shekara mai zuwa ya fitar da Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan a wasan ƙarshe na kofin zakaru a filin Oval, Pakistan ta lallasa Indiya da tazarar maki 180. Shekaru biyar na ƙuruciyarsa dai ba su dawo ba.

Sai Imran, wanda maganarsa ke raba maƙwabtana gida biyu. Babu mai musun idonsa wajen gano gwani, kuma asibitin cutar daji na Shaukat Khanum da ya buɗe a Lahore a 1994 da sunan mahaifiyarsa, wadda cutar ta kashe, aiki ne da ko maƙiyinsa ke sara masa. Siyasarsa da ɗaurin da yake ciki tun 2023 na bar wa 'yan ƙasar. Abin da ya shafe ni shi ne 2019, lokacin yana firaminista, ya sa aka rushe ƙungiyoyin ma'aikatu daga babbar gasa, aka mayar da ita ƙungiyoyin yanki shida kacal, irin na Ostareliya inda ya taɓa wasa. Hujjarsa tana da ƙarfi: babu mai zuwa fili don ya goyi bayan banki, mutum garinsu yake so, kuma ƙungiyoyi kaɗan na sa gasa ta yi zafi. Gaskiya ne, duk wanda ya ga filin Sani Abacha ranar da Pillars ke wasa ya san ƙaunar gari ba ta da na biyu. Amma Ostareliya mutum miliyan ashirin da 'yan kai ce, Pakistan ta haura miliyan 200. Ɗaruruwan 'yan wasa suka wayi gari babu albashi. A shekarar nan bidiyon wani ɗan wasan babbar gasa yana tuƙa motar ɗaukar kaya a Karachi ya zagaya ƙasar. A 2020 Misbah da Mohammad Hafeez da Azhar Ali suka je wurin Imran suka roƙe shi ya sassauta, ya ƙi. Imran ɗan gidan masu hali ne, a Oxford ya yi karatu, bai taɓa buƙatar albashin banki don ya ci gaba da wasa ba, kuma ina ganin wannan ne ya rufe masa ido. Mohammad Yousuf, wanda ya taso cikin talauci a Lahore har ya fara koyon ɗinki, ya zo ya ci maki 1,788 a wasannin kwana biyar na shekarar 2006 kaɗai, adadin da har yau ba a karya ba, shi da irinsa sun san abin da kuɗin ƙarshen wata ke nufi.

Bayan saukar Imran an dawo da ƙungiyoyin ma'aikatu, suka koma gasa a 2023, duk da cewa Habib Bank, wanda ya riƙe Miandad da Shahid Afridi da Younis Khan, ya riga ya rufe tasa tun 2019. Pakistan ta ga illar cikin 'yan shekaru ta juya. Mu mun fi shekara ashirin a cikin tamu illar, har mun ɗauka haka Allah ya yi ƙwallo. A Kano da Kaduna da Sakkwato akwai bankuna, akwai kamfanonin siminti da na shinkafa da na sadarwa da ke kashe kuɗi mai yawa a talla. Ban ce su sayi Pillars ba. Kowanne ya ɗauki yara 25 aiki, ya sa sunansu a takardar albashi, ya nemo tsohon ɗan wasa mai mutunci ya damƙa masa su, a shigar da su ƙaramar gasa ta ƙasa su fara daga can.