Yaron da ke yi maka aiki a Legas amana ne a hannunka

Duk wanda ya taɓa yin asubanci a kasuwar Mile 12 ya san yadda gari ke wayewa a can. Tun kafin kiran assalatu manyan motoci sun iso daga Arewa, samari na sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, ƙafa cikin silifas, ƙasa kuwa duk santsin ruɓaɓɓen kaya. In ɗaya ya zame ya karye, abin da za ka ji daga bakin maigidansa shi ne, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." A haɗa masa kuɗin mota, a tura shi gida wajen mai ɗori, kashegari wani ya maye gurbinsa.

Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mun yi imani da ƙaddara, amma sakaci sunansa sakaci, kuma mai shi zai amsa tambaya a kansa.

Legas ta ga abin da sakaci ke haifarwa. A shekarar 2002 gobara ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba da ke Ikorodu, ma'aikata da dama suka ƙone saboda an kulle musu ƙofa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, Ikoyi, ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, dangi suka yi kwanaki a wurin suna jiran labarin nasu.

Wani zai ce ai waɗancan manyan kamfanoni ne. To, Alhaji, da kai nake, mai sito a Agege, mai yara goma a mayankar Oko-Oba, mai gidan da ya ajiye maigadi. Ɗakin maigadin nan da janareta ke kwana yana hayaƙi a jikin tagarsa, ka san hayaƙin kan kashe mutum yana barci ba tare da ya farka ba? Matsar da janaretan fili, nesa da inda ake kwana. Sito kuma kada a datse shi da kwaɗo ta waje alhali akwai mai kwana a ciki. Tukunyar kashe gobara, akwatin magani, takalmin roba, safar hannu da hular kwano, duka kuɗinsu bai kai na jinyar karaya ɗaya ba.

Na san ƙorafin da ake yi, wai an saya sun ƙi sawa saboda zafin Legas. Gaskiya ne, wasu kan ƙi. Amma yaron da ba ya ƙetare maganarka a kan lissafin ciniki ba zai ƙetare ta a kan takalmi ba, in dai ya ga da gaske kake.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, don wanda ya ji rauni a bakin aiki ya samu magani da diyya, wanda ya rasu kuma iyalinsa su samu. Nawa ne cikinmu suka yi rajista?

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, da yawa ba su ma san cikakken sunan yaransu ba. "Ɗan Sakkwato" ne, "Bazazzagi" ne, shi ke nan. Ranar da abu ya faru sai a bazama wajen Sarkin Hausawa ana cigiyar wanda ya san garinsu. Ka samu littafi yau, ka rubuta sunan kowa da garinsa da lambar wayar ɗan'uwansa. A bangon shago kuma ka manna 112 da 767, lambobin kiran agajin gaggawa na Legas, tare da sunan asibitin da ya fi kusa, inda kowane yaro zai gani ko ba ka nan.