A Fulorens, ku bar dogon layi ku nemi mai tumbi

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi birnin Fulorens na Italiya, ina ba shi shawara kada ya ɓata rabin yininsa a layin shagunan burodi na titin Via dei Neri. Schiacciata, wato burodi mai faɗi da 'yan yawon buɗe ido ke rububi a can, yawancin abin da ake cusa mata naman alade ne: prosciutto, finocchiona, porchetta. Abincin talakan birnin na asali shi ne lampredotto, kuma da tumbin saniya ake yin sa.

Cikin saniya kashi huɗu ne, na huɗun ake amfani da shi. Yana da sashe biyu: gala, mai duhu da ninki-ninki, wanda ya fi ɗanɗano, da spannocchia mai kitse da taushi. Ana dafa shi da albasa, karas, seleri, tumatir da faski a kan wuta kaɗan-kaɗan, sama da awa guda. Idan aka yi masa gaggawa sai ya yi tauri ya ƙi taunuwa. Idan kuma aka yanka aka ajiye a waje, bushewa yake yi, shi ya sa gwanin mai sayarwa ba ya tsamo shi daga tukunya sai ka tsaya gabansa. Ya yayyanka a kan katako, ya haɗa maka sassan biyu, ya barbaɗa gishiri da masoro, ya zuba a ɗan ƙaramin burodi mai ɓawo da suke kira semelle.

Zai tambaye ka, "Bagnato?", wato "A jiƙa?" Ka amsa da e. Murfin burodin zai tsoma a romo, sama kawai, don idan ƙasan ya jiƙe komai zai zube maka a riga. Sai koriyar miya ta faski da tafarnuwa da man zaitun, da jan yaji ga mai so. Kuɗinsa yakan kama wajen yuro 5, kuma a tsaye ake ci, gefe da gefe da leburori da ma'aikatan ofis, kamar teburin mai shayi da safe.

Masu rumfar da ake kira Da Nerbone, a hawan ƙasa na kasuwar Mercato Centrale ta unguwar San Lorenzo, tun 1872 suke wannan sana'a. A je kafin azahar, domin da rana ta karkata sun tashi, ran Lahadi kuma ba sa fitowa.

Ɗan'uwa Musulmi ya lura, naman saniya ne amma ba rumfunan yankan halal ba ne, kuma ana sayar da giya a gefe. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nufi I Fratellini a titin Via dei Cimatori, ɗan shagon da ke nan tun 1875, ya nemi burodi da cuku da tumatir, ya roƙe su su canza wuƙa saboda naman alade. Kada kuma a zauna ci a bakin ƙofar mutane: a 2018 hukumar birnin ta taɓa sa tarar yuro 150 zuwa 500 a kan haka a Via dei Neri da kewayenta.