Minotauro na Birazil da 'yan dambenmu na gida

A gidan dambe, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. An yi kisa, makaɗa su ɗauki taken wanda ya buge ka, yaranka su shigo su janye ka. Shi kuwa Antônio Rodrigo Nogueira, wanda mutanen Birazil ke kira Minotauro, a ƙasan nan ya gina sunansa. Sau da yawa sai an kayar da shi, an haye ruwan cikinsa ana kirɓa, sannan nasa wasan yake farawa. Tun da na zo zama São Paulo nake jin sunansa a bakin mutane, har da waɗanda babu ruwansu da wasan faɗa, kuma duk sanda na zauna kallon tsofaffin wasanninsa, 'yan dambenmu ne ke faɗo mini a rai. A ganina bai fi su zuciya ba ko kaɗan. Abin da ya fi su shi ne abin da ya tarar kafin ya shiga fili, da abin da ke jiransa ranar da ya fita.

An haife shi a 1976 a Vitória da Conquista, cikin jihar Bahia, shi da ɗan tagwaicinsa Rogério, wanda shi ma ya zama sanannen ɗan wasa. Yana yaro, wajen shekara goma, babbar mota ta bi ta kansa. Ya kwana huɗu bai san inda yake ba, ya rasa haƙarƙari ɗaya da wani sashe na hantarsa, ya yi kusan shekara a asibiti. Wanda duk ya taɓa ganinsa ba riga a fili ya ga ramin tabon da ke bayansa. Yaron da aka yi zaton ko tafiya ba zai sake yi daidai ba, shi ne ya ci gaba da judon da ya fara tun yana ƙarami, ya koyi damben Turawa, ya karɓi baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa, a jujitsu, wato kokawar kulle gaɓoɓi da shaƙa, a hannun malaminsa Ricardo de la Riva, sannan a 1999 ya shiga gaurayen dambe, wasan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa da shaƙa a wuri ɗaya.

A Japan tauraronsa ya fito. A watan Nuwamba na 2001 ya doke Heath Herring ya zama zakaran farko na ajin masu nauyi a gasar PRIDE. Amma wasan da har gobe ake ba da labarinsa shi ne na Agustan 2002 a Tokyo, da Bob Sapp, wani ƙaton Ba'amurke tsohon ɗan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka wanda ya fi shi nauyi da sama da kilo 50. Ana farawa Sapp ya sure shi sama ya dasa kansa a ƙasa. Ni dai duk sanda na zo wurin nan sai na runtse ido, don wuyan mutum ba a yi shi don haka ba. Ya tashi, ya sha duka, ya yi ta lallaɓawa a ƙarƙashin wannan dutse har ƙaton ya fara haki, a turmi na biyu ya kama hannunsa ya miƙe shi a tsakanin cinyoyinsa, Sapp ya sallama. Shekara ɗaya bayan nan haka ya yi wa Mirko Cro Cop ɗan Kuroshiya, mai shurin hagu da kowa ke tsoro: turmin farko duk na Mirko ne, har ya kai shi ƙasa da shuri dab da ƙarshe, turmi na biyu Minotauro ya kayar da shi ya kulle hannu. A 2008 kuma, bayan ya koma UFC, babbar gasar gaurayen dambe ta Amurka, Tim Sylvia ya jibge shi turmi biyu, a na uku ya shaƙe Sylvia ya ɗauki kambun riƙon ƙwarya. Shi ne mutum na farko da ya riƙe kambu a PRIDE da UFC duka. Wanda ya gagare shi a zamanin ƙarfinsa shi ne Fedor Emelianenko na Rasha, wanda ya ƙwace masa kambu a 2003, ya sake cinye shi a ƙarshen 2004.

Mutanen nan abin da suke so a wurinsa ke nan: ba ya mutuwa da wuri. Mu ma haka muke. A gidan dambe ba wanda ake yi wa kari kamar wanda aka yi wa jina-jina ya ƙi faɗuwa, ya dawo ya yi kisa. Har yau ana maganar Shago da Ɗandunawa, kuma ba don sun iya kauce wa naushi ake tunawa da su ba.

To amma a nan nake rabuwa da masu yabon. Wannan taurin rai da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya ci shi. A Disambar 2011 a Toronto ya sake haɗuwa da Frank Mir, wanda ya taɓa buge shi a 2008. Ya gigita Mir da naushi, saura ƙiris alƙali ya tsayar, sai ya bar naushin ya tafi neman shaƙa. Mir ya juye, ya kama hannunsa na dama ya murɗe ta baya. A wasan nan doka a fili take: idan an kama ka kamun da ba fita, ka bubbuga hannu, a sake ka, ka tafi gida da gaɓoɓinka. Malamin da ya koya wa ɗaruruwan yara wannan doka shi ne ya ƙi bin ta, har ƙashin damtsensa ya karye duniya tana kallo, aka kai shi aka sa ƙarfe da kusoshi. Na ji masu cewa jarumta ce. Ni ban gan ta ba. Mutum mai shekara 35, wanda bai daɗe da tashi daga aikin tiyata a ƙugunsa biyu da gwiwa ba, ya ba da hannunsa saboda kada a ce ya sallama. Abin da ya biyo baya ma bai yi mini daɗin gani ba. Ya ci wasa ɗaya a 2012, sannan Fabrício Werdum ya kulle masa hannu a 2013, Roy Nelson ya sumar da shi a Abu Dhabi a 2014, Stefan Struve ya cinye shi da maki a 2015. Waɗannan ukun na ƙarshe, da akwai wanda ya isa ya hana shi, da ya kyauta masa.

A wannan gaɓa dambenmu ya fi hikima, kuma ina faɗa wa abokaina na nan haka ba tare da jin nauyi ba. Kakanninmu sun tsara cewa wanda ya faɗi ba a bin sa ƙasa. Turmi uku, in babu kisa a raba, kowa ya koma sansaninsa. A gaurayen dambe kuwa mutum zai faɗi a gigice, a bi shi da naushi uku ko huɗu kafin alƙali ya iso. Ba na fatan ranar da za a shigo mana da wannan.

Sai dai a tsaya a duba ranar da ya ajiye safar hannu, a Satumbar 2015, da nasara 34, 21 daga ciki ta hanyar sa abokin karawa ya sallama. Bai koma gida ya zauna yana jiran wanda zai tuna da shi ba. UFC ta ba shi aikin kula da hulɗa da 'yan wasa a Birazil, a 2016 ta sa shi cikin jerin gwarzayenta na tarihi. Kafin nan ma shi da ɗan'uwansa sun riga sun kafa makarantun horo da sunan Team Nogueira, da wata cibiya da ke koyar da yaran unguwannin talakawa kyauta. Anderson Silva, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, ya sha faɗin cewa ya kusa barin wasan gaba ɗaya, Minotauro ne ya riƙe shi, kuma a hannunsa ya karɓi baƙar ɗamara. Junior dos Santos, wanda ya taso cikin talauci ya yi aikin kai abinci a gidan cin abinci, a inuwarsa ya girma, har a Nuwambar 2011 ya buge Cain Velasquez cikin daƙiƙa 64 ya zama zakaran duniya. Velasquez ɗin nan shi ne ya buge Minotauro a 2010.

Akwai irin wannan makaranta a kan layin da nake bi zuwa aiki, a saman wani shagon gyaran babur. Da yamma za ka ga yara 'yan shekara bakwai zuwa goma, maza da mata, cikin fararen riguna masu kauri, sun jeru a kan katifa bisa launin ɗamararsu, iyaye na zaune a benci suna jira. Abin da malamin ke fara koya musu shi ne yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba, da yadda ake bubbuga hannu a sake ka. Kowane wata iyayen suna biya. Malamin tsohon ɗan wasa ne da bai taɓa yin suna ba, kunnuwansa duk sun cure saboda gurza, amma da wannan katifar yake ciyar da gidansa. Wannan mutumin ya fi tsaya mini a rai fiye da Minotauro kansa, domin zakara ɗaya ne a cikin dubu, sauran kuma dole su ci abinci.

Mu fa? Muna da namu tsarin, kada a raina shi. Akwai Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, akwai ubangida da yaransa, sunan ɗan dambe ma kansa yana gaya maka gidan da ya fito: shagon wane, autan wane, bahagon wane, garkuwan wane. Yaro yana ɗaukar jakar maigidansa, yana kallon yadda ake naɗa zare, a hankali a sa shi a wasan share fage. Makaranta ce. Amma makaranta ce da ba ta biyan malami. Ɗan dambe yana samu ne muddin hannunsa na kisa: kuɗin fili, karin 'yan kallo, in an yi sa'a damben babur ko na mota. Ranar da ƙarfi ya tafi, samu ya tafi. Na san wani a garinmu da a da in an ce zai sa zare, kasuwa watsewa take yi da wuri. Zuwana gida na ƙarshe na same shi a bakin tasha, hannun daman ya kumbura ya ƙi lanƙwasuwa, magana tana fita da ƙyar, yana jiran wanda zai gane shi ya miƙa masa wani abu. Ba wanda zai iya gaya maka wasa nawa ya yi, nawa ya kashe, sau nawa aka sumar da shi. Na Minotauro kuwa kowane wasa yana rubuce, da rana da gari da minti.

Kuma kada a ɗauka Birazil ta tashi ne ta ga abin a gyare. Shekaru da dama ana kallon wannan wasa a nan a matsayin harkar 'yan daba, kamar yadda wasu a gida har yau ke ganin dambe sana'ar marasa aikin yi ce. A 1997 wani wasa a Rio de Janeiro ya rikiɗe ya zama tarzoma, hukuma ta hana shirya irinsa a garin na tsawon lokaci. Shi ya sa gwanayensu suka yi ta tafiya Japan da Amurka. Minotauro sai da ya shekara 12 yana wasa kafin ya taka fili a ƙasarsa, a Agustan 2011 a Rio, ranar da ya buge Brendan Schaub a turmin farko, filin ya kusa tsagewa da ihu. Abin da ya wanke wasan a idon jama'a shi ne doka: raba 'yan wasa bisa nauyi, gwajin lafiya kafin a shiga, likita a bakin fili, da hutun dole ga wanda aka sumar, makonni ba zai karɓi naushi ba ko a wajen horo. Ban ce komai ya yi daidai ba. Ƙananan 'yan wasa a nan ma abin da ake biyansu ba ya kai su ko'ina, da yawa suna gadi a gidajen rawa da dare ko suna kai saƙo a babur.

Wannan hutun dole shi ne abin da na fi so in gani a gida, tun kafin a zo maganar kuɗi. A fagagenmu mutum zai sha kisa da yamma, a kwara masa ruwa a ka, ya miƙe, gobe ko jibi ka gan shi ya sake ɗaure hannu saboda in bai shiga ba babu na abinci. Ƙwaƙwalwa ba ta warkewa a kwana biyu, kuma laya ba ta hana jini taruwa a cikin kai. Haka nan ina so a daina haɗa yaro mai kilo 60 da ƙato mai kilo 90 don 'yan kallo su ji daɗi. Na san ana son ganin ƙaramin ya kashe babba, kamar yadda Japanawa suka so ganin Minotauro da Sapp, amma su ma yawancin manyan gasannin duniya sun daina irin wannan haɗi.

Yanzu dambe ya shiga YouTube da Facebook, miliyoyin mutane na kallo, har a nan an taɓa nuna mini bidiyonsa a waya ana tambayata ko da gaske a ƙasarmu ake yi. Wasu masu shirya gasa sun fara raba aji na nauyi suna kawo ma'aikatan lafiya, Allah ya saka musu. Sauran gidajen, daga Kano zuwa Dei-Dei zuwa Sakkwato, abin da nake roƙo a wurin shugabanninsu bai fi ƙarfinsu ba: littafi guda da za a riƙa rubuta wanda ya kara da wane da yadda aka tashi, doka cewa wanda aka sumar ba zai sa zare ba sai ya huta kuma a ba shi ɗan abin da zai riƙe kansa a kwanakin, sannan wani kaso na kuɗin ƙofa da na bidiyo a ware shi ga tsofaffin 'yan dambe, a ba su yara su koyar a biya su duk wata.