Bakteriya na iya toshe tsagar kankare, amma a fara duba ginshiƙi

Duk lokacin da gobara ta cinye rumfuna a kasuwannin Marwa ko Garwa da ke arewacin Kamaru, abin da ke biyo baya sananne ne: a kwashe toka, a kira magina su yi sabon yaɓe, a shafa fenti, 'yan kasuwa su koma ciniki a ƙarƙashin ginin da wuta ta riga ta gasa. Kankaren da zafi ya haura digiri 300 a jikinsa yana fara rasa ƙarfi, idan kuwa ya kai wajen digiri 500 sinadaran da ke riƙe da siminti kan wargaje, tsagogi su buɗe, ruwan damina ya bi ta cikinsu ya sa rodi tsatsa.

Shi ya sa binciken gyaran kankare da ƙwayoyin bakteriya ya cancanci kulawarmu. Tun wajen 2006 Henk Jonkers na Jami'ar Delft a ƙasar Holan ya nuna cewa bakteriya dangin Bacillus na iya kwanciya shekaru a cikin kankare, sai ruwa ya shiga tsaga su farka, su ci abincin da aka ajiye musu, su fitar da farin dutse mai toshe tsagar. Wani nau'in, Sporosarcina pasteurii, da yuriya yake aiki, takin nan da manoman audugarmu suka sani sarai. Tun da wuta na kashe ƙwayoyin, bayan gobara ake zuba ruwan da ke ɗauke da su a kan wurin da ya tsage.

Ina goyon bayan a gwada wannan dabara a nan, amma a san iyakarta. Tsagar da take toshewa ƙarama ce, ƙasa da milimita ɗaya, kuma ba ta mayar wa rodin da ya lanƙwashe ƙarfinsa. Abin da nake tsoro shi ne ɗan kwangila ya ji sunan sabuwar fasaha ya mayar da ita wani yaɓen na rufe ɓarna, alhali ginshiƙin da ke ɗauke da bene ya mutu daga ciki. Dole injiniya ya fara auna ginin, ya raba abin da za a rushe da abin da zai gyaru.

Akwai kuma batun ruwa. Ƙwayoyin suna buƙatar danshi na kwanaki masu yawa, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, bango ya bushe kafin azahar. Sakamakon da aka samu a ɗakin gwaji na Turai ba zai wadatar ba. Makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa da Jami'ar Ngaundare su ne suka dace su gwada dabarar da simintin Figil da yashin kogunanmu, su nemo bakteriya daga ƙasarmu da ta saba da wannan zafi, sannan hukumomin birane su ba su gine-ginen da suka ƙone don gwaji kafin a bar kowa ya sayar da ita a kasuwa.