Wa ke tsaya wa ɗan kwangila?

Duk lokacin da 'yan uwa a Kano suka fara kukan titin Abuja zuwa Kano, sai zance ya koma kan injiniyoyinmu, wai ba su iya aiki ba. Ban yarda ba. Ina aikin kula da gine-gine a nan Amurka, na kuma san birkilolin Kano da ke ɗora bulo ya miƙe kamar an ja da zare. Matsalarmu tana wajen kuɗi, da wanda za a kama idan aiki ya tsaya.

A nan, tun 1935 dokar Miller ta wajabta wa mai babbar kwangilar ginin gwamnatin tarayya ya kawo kamfanin inshora da zai tsaya masa ta fuska biyu: zai gama aikin, kuma zai biya lebura da masu kawo kaya. In ya gudu, kamfanin ne zai nemo wanda zai ƙarasa, daga aljihunsa. Shi ya sa kafin su sa hannu sai sun binciki asusunsa da ayyukansa na baya, bincike irin na neman aure. Ɗan lelen wani babba da ba shi da ko tifa ɗaya, a nan yake faɗuwa. Akwai kuma dokar Davis-Bacon ta 1931 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta: kowane mako sai ka miƙa sunayen ma'aikata, awannin kowa da abin da aka biya shi. Takardun suna gajiyar da mutum, wallahi, amma ita ma gwamnati an ɗaure ta: kuɗin kowane kashi na aikin da aka kammala ana cikin gini, cikin kwana 14 za ta biya, in ta makara ta ɗora ruwa.

Mu ma muna da doka. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami, ta kuma nemi garantin banki. To amma wa ke tilasta wa gwamnati ta saki kuɗi? Titin Kano zuwa Maiduguri tun 2006 aka ba da kwangilarsa. Na Abuja zuwa Kano an fara shi a 2018 da alƙawarin shekara uku. Kasafi ya zo gutsure-gutsure, naira ta faɗi, siminti da rodi su tashi, sai a koma teburin sake farashi, damina kuma ta cinye abin da aka shimfiɗa.

Ginin 'yan kasuwa kuwa a Kano gudu yake. Alhaji ya aika yaro Ƙofar Ruwa a lodo rodi, da yamma foman ya sallami lebura kuɗi a hannu, kafin ka ankara shaguna sun tashi har an karɓi haya. Wannan saurin ya fi na nan, inda banki ba ya sakin kashi na gaba sai mai duba aikinsa ya zo ya gani. Sai dai a wajenmu mai kuɗin shi ne injiniya. Zane ya ce hawa biyu, shi ya ce a ƙara ɗaya. A rage siminti a kankare, a cire katakon deki tun kankaren bai yi ƙwari ba saboda kafinta na da wani aikin. Benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a watan Agustan 2022 ya isa ya sa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta riƙa zuwa ranar zuba deki, ba ranar buga jan fenti a bango kawai ba.