Wa ya ba kurege gatari?

Ɗiyata ta dawo daga lakwal nan Yamai da hoton wani fure manne cikin kaye, ja da rawaya, duk ya lanƙwashe baya kamar harshen wuta in iska na kaɗa shi, mushe ya sa sun rubuta ƙasa: Gloriosa superba. Ta ce baba mi ne ne sunanshi da Hausa? Na yi tsit. Inna ce da ke zaune bisa tabarma tana gyaran zogale ta amshi kayen, ta kai kusa ga ido, ta ce ke jikalle wanga ai gatarin kurege ne, mun sha ganin shi cikin daji wajen Gaya da damina yana hawan itatuwa.

Ni kam tun ran nan sunan bai bar ni ba. Mi ya haɗa fure mai kyau haka da gatari? Amsar na cikin ƙasa. In ka tona gindinshi za ka tarda saiwa fara mai kauri wadda ta karye kwana kamar ƙota da ruwan gatari, amma ƙarama, daidai hannun kurege. Wasu wurare gudumar zomo suke ce mishi, duk dai siffar saiwar ce suka duba. Wani likita ɗan Birtaniya, Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, ya tarar da irin waɗannan sunaye a bakin mutane, wato sun girmi kakanninmu.

To ga abin da ni ke gani. Linnaeus, Baturen Suwidin da ya raɗa mishi Gloriosa superba a 1753, kyau ya gani, kalmomin biyu duk yabo ne, ɗaukaka da isa. Zimbabuwe ma don kyan ne suka maida shi furen ƙasarsu. Bahaushe kuwa ya tsallake kyan ya je ya tona, kuma inda ya tona nan ne haɗarin yake, don saiwar nan guba ce, tana da sinadarin kolcisin wanda likitoci ke aunawa kaɗan-kaɗan a maganin ciwon gaɓɓai amma in ya yi yawa kisa yake, a Indiya da Siri Lanka an sha kwasar mutane zuwa asibiti don sun ɗauka doya ce sun dafa. Kuma ku lura da wata al'ada tamu, duk tsiron da ya yi kama da na gida amma ba na ci ba ne sai mu miƙa ma wata dabba shi. Albasar kura, albasar kwaɗi, gyaɗar awaki. Yaro ɗan kiwo da ya ji an ce albasar kura ya san ba ta shiga miyar innarshi ko ba a yi mishi dogon bayani ba. A ganina gatarin kurege ma cikin wannan layin yake, kayan wani ne, bar mishi abinshi.

Wani abokina da ya yi karatun noma a jami'ar Abdou Moumouni ya ce ina cika zuzuta abu. Hujjarshi ita ce sunayenmu ba su tsaya wuri guda ba, tsiro ɗaya sai ka ji suna uku tsakanin Dogon Dutsi da Tawa da Maraɗi, wani lokaci ma suna ɗaya tsiro biyu, in mai magani ya yi kuskure nan rai ne a bakin komi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban ce a jefar da latinanci ba, wanda zai rubuta takardar bincike ko ya haɗa magani dole ya riƙe sunan da duk duniya ta yarda da shi. Amma ɗiyata ba takardar bincike za ta rubuta ba bana, hutu za ta je ƙauye ta bi ƴan uwanta daji, kuma can ba wanda zai kwala mata kira ya ce kar ki taɓa Gloriosa.

Tun 2025 aka rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, an yi ta cacar baki a Facebook kan wannan, ni dai ba can na nufa ba. Aikin da ni ke so ƙarami ne, ko dala ba ya ci: duk inda littafin lakwal ya sa hoton tsiro a sa sunanshi na Hausa da na Zabarmanci da na Fulatanci da Tamajik gefe, mushe kuma ya aiki yara gida su tambayo tsofaffi dalilin sunan. Dubi wuta-wuta, furen nan mai launin shanshanbale da ke fitowa cikin gonar hatsi, kyakkyawa da shi, amma saiwarshi na maƙale da ta hatsi tana tsotse shi har gona ta yi kamar gobara ta bi ta kanta. Manomi ya gama darasin cikin kalma guda.

Ɗiyar dai ta rubuta gatarin kurege da fensir ƙarƙashin latinancin. Inna ta sa ta ƙara gudumar zomo, wai kar zomo ya ji haushi.