Buba ba sunan gargajiya ba ne

Yana damuna yadda nake yawan jin ana cewa Buba suna ne na gargajiyar Fulani wanda ba shi da alaƙa da Musulunci. Masu wannan fahimta suna da uzuri, domin sunan bai yi kama da Larabci a kunne ba, kuma a rugage da garuruwan Fulani aka fi jin sa. Kwanan baya a wani taron suna a Gombe, na ji wani dattijo yana ba mahaifin jariri shawarar ya bar Buba ya sanya Abubakar, alhali suna ɗaya ne.

Asalinsa Abu Bakr, alkunyar halifan farko, wanda sunansa na yanka Abdullahi ne, kuma bakr a Larabci na nufin saurayin raƙumi. Harshen Hausa ba ya ƙare kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa aka cusa wasali a tsakaninsu aka ce Abubakar. Fulani suka ce Bubakari, suka gajarta shi zuwa Buba, kamar yadda Barebari suke cewa Bukar, Hausawa kuma Habu ko Garba.

Yawaitar sunan a ƙasar Gombe ba abin mamaki ba ne, tunda Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya karɓi tuta ya kafa masarautar, shi ma Abubakar ne sunansa, kuma malami ne da ya san abin da sunan yake ɗauke da shi.